Hoton malam yana makara a talabijin ɗin ɓangaren mata, ina zan taɓa?

Abu_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu harkar bidiyo na wannan zaure. Ni ke kula da na'urori a masallacin unguwarmu, ga azumi ya matso za a buɗe tafsiri. Ga yadda tsarinmu yake: kyamara ɗaya tana fuskantar malam da mai jan baƙi, wayar HDMI ta fito daga jikinta ta shiga wani ɗan katin kafca (na'urar shigar da hoton kyamara cikin kwamfuta) mai siffar filasha, shi kuma a soke shi a laftof. OBS, wato manhajar yaɗa bidiyo kai tsaye, shi ne yake karɓar hoton ya tura Facebook. Daga laftof ɗin kuma na ja wata waya zuwa talabijin ɗin da ke ɓangaren mata. Murya daga lasifikan masallaci suke jinta kai tsaye.

To hoto ba ya tafiya tare da murya. Malam zai gama kalma ya rufe baki, a talabijin bakinsa bai gama motsi ba. Iyayenmu mata sun yi ƙorafi sosai bara, wata ma cewa ta yi kallon yana sa mata jiri. Na Facebook kuwa ba a magana, mutum zai rubuto tambaya an riga an bar ayar da nisa. Laftof ɗin ce ta gaza ko katin ne?

Dan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Netiwok ne Malam. Canza layi ka huta.

Injiniya_Zazzau:
Dan_Kurmi a yi haƙuri, ina ruwan talabijin ɗin ɓangaren mata da netiwok? Waya ce daga laftof zuwa bango. Ko babu sim a unguwar gaba ɗaya jinkirin nan yana nan.

Malam Abu Khadija, matsala biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai jinkirin cikin gida, daga idon kyamara zuwa fuskar talabijin, wanda ake aunawa da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan). Akwai kuma wanda ke tsakaninka da mai kallo a Facebook, shi da sakan ake lissafinsa, kuma mafi yawansa ba a hannunka yake ba.

Kafin ka taɓa komai, auna tukuna. Ka buɗe agogon ƙidaya na waya, wanda ake auna gudu da shi, ka sa shi a gaban kyamara yana tafiya. Ka ajiye laftof ɗin a gefensa yadda za a ga agogon na zahiri da kuma hotonsa a cikin OBS. Sai wani ya ɗauki hoton su biyun da wata wayar. Bambancin lambobin biyu shi ne jinkirinka. Ka sake yi da talabijin ɗin, ko da sai an sauko da ita daga bango na ɗan lokaci. Idan ba ka auna ba, canje-canje kawai za ka yi ta yi, ba za ka san wanda ya yi amfani ba.

Maman_Ilham:
Ni dai kafin a tafi da nisa, a duba talabijin ɗin kanta. Ina ɗaukar bikin aure da walima, muna sa manyan allo a ɗakin taro don na baya su ga amarya. Talabijin na zamani suna riƙe hoto su yi masa kwalliya kafin su nuna, su gyara launi, su rage ƙura, wasu har ƙirƙiro firem (hotuna ɗai-ɗai da ke haɗuwa su zama bidiyo) suke yi a tsakani don motsi ya yi santsi. Duk wannan lokaci yake ci. Shiga saitin hoto ka nemo Game Mode ka kunna, ka kashe duk wani abu mai alaƙa da santsin motsi. A wasu talabijin wannan kaɗai yana cire firem uku ko huɗu, kuma ba ka kashe ko sisi ba.

Bakatsine_PES:
Hajiya ta faɗi gaskiya, mu 'yan gem mun san wannan tun tuni. Amma ni tambayata, me ya sa ma hoton ɓangaren mata zai bi ta cikin laftof? Ka sayi sifilita na HDMI mai shiga ɗaya fita biyu. Kyamara ta shiga, fita ɗaya ta tafi talabijin kai tsaye, ɗayar ta tafi katin kafca. Shi ke nan kwamfuta ta fita daga hanyar. Babu ɗan gem mai hankali da yake buga wasa yana kallon allon OBS, shi ya sa katunan kirki suke zuwa da ƙofar HDMI ta biyu wadda hoto ke wucewa ta cikinta ba tare da an taɓa shi ba.

Abu_Khadija:
Na gode ƙwarai. Bakatsine, dalilin da ya sa na bi ta laftof shi ne rubutu. Ina sa sunan sura da lambar aya a ƙasan hoto, wani lokacin in ɗora shafin Alƙur'anin ma a gefe. Masu bibiya da mushafi a hannu suna jin daɗinsa sosai. Idan na raba waya tun daga kyamara, hoto tsura za su gani.

Malam_Linux:
Tunda dole sai an bi ta kwamfuta, bari mu yi maganar katin. Ka ce mai siffar filasha ne. Ina zargin irin masu arhar nan ne da suka cika kasuwa, da yawansu guntun MS2109 ne a cikinsu, kuma USB 2.0 ne.

Ga lissafin. Hoton 1080 yana da ɗigo 1920 sau 1080. Idan ba a matse shi ba, a tsarin YUY2 kowane ɗigo bit 16 ne. A firem 30 cikin sakan wannan ya kai kusan megabit 995 a sakan, a firem 60 kuma kusan gigabit 2. USB 2.0 iyakarsa a takarda megabit 480 ne, a aikace ma bai kai ba. Saboda haka katin ba shi da zaɓi, dole ya matse kowane firem ya mai da shi JPEG, abin da za ka gani an rubuta MJPEG, sannan laftof ta sake warware shi kafin OBS ya nuna. Matsewa da warwarewa duk lokaci ne, kuma warwarewar tana cin ƙarfin furosesa. USB 3.0 yana da gigabit 5, shi ya sa katin USB 3.0 na gaskiya yake turo hoton ɗanye.

Dan_Kurmi:
Ai sai ya duba bakin katin. In shuɗi ne USB 3 ne.

Malam_Linux:
Ranka ya daɗe, shuɗin roba ba ya ƙara gudu. Akwai masu bakin shuɗi, kwalinsu ma an rubuta 3.0 da 4K manya-manya, amma cikinsu 2.0 ne. 4K ɗin nan abin da yake iya karɓa ne, ba abin da yake fitarwa ba. Hanyar ganewa: a cikin OBS ka buɗe saitin na'urar, ka zaɓi 1920x1080, ka sa YUY2, ka duba firem nawa zai yarda ya ba ka. Idan ya tsaya a 5, ka san abin da ka saya. A Linux umarnin v4l2-ctl --list-formats-ext zai zayyano maka komai. Ko ka leƙa cikin bakin da fitila, USB 3.0 na gaske yana da ƙarin fil biyar a can ciki bayan huɗun da aka sani.

Injiniya_Zazzau:
Haka ne, amma kada mu tsorata Malam ya je ya kashe kuɗin masallaci. Wannan ƙaramin katin ba shi ne mafi muni ba. Tsofaffin katunan USB 2.0 masu matse bidiyo da H.264 a cikinsu su ne suke kai jinkiri wajen sakan guda. Na MJPEG firem ɗaya-ɗaya yake matsewa, ba ya jiran na gaba, don haka jinkirinsa bai kai can ba. Sau da yawa saiti ne yake ninka shi.

Ga abin da zan so ka duba. A cikin saitin katin a OBS, ƙasa-ƙasa, akwai wurin da aka rubuta Buffering. Mai da shi Disable. Idan yana kunne OBS yana tara firem kafin ya nuna don tafiyar ta daidaita, kai kuma ba ka buƙatar wannan. Sai kyamara: yawancin kamkoda suna fitar da 1080i ta HDMI idan ba a canza ba, wato rabin layuka a zubi ɗaya rabi a na biyu, sai an haɗe su daga baya. Mai da ita 1080p, ko 720p, su cikakken hoto suke bayarwa a zubi ɗaya. Kuma ka sani firem ɗaya a gudun 25 milisakan 40 ne, a 30 milisakan 33, a 50 milisakan 20, a 60 kusan 17. Kowace na'ura a kan hanya tana riƙe firem ɗaya ko biyu, kyamara, kati, OBS, talabijin. Idan jimillarsu firem takwas ne, a gudun 25 ka samu milisakan 320, a gudun 50 kuma 160. Shi ya sa ni a wurinka zan sauka zuwa 720p a firem 50, waɗannan katunan suna iya wannan. Fuskar malam a 720 ta wadatar.

Bakatsine_PES:
Me ya sa 50, Injiniya? 60 ai ya fi sauri.

Injiniya_Zazzau:
Wutarmu a Najeriya da Nijar zagaye 50 take yi a sakan, ba 60 irin ta Amurka ba. Wasu fitilun suna kyaftawa da wannan bugun, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. In ka ɗauka a 30 ko 60 ƙarƙashinsu sai ka ga wasu layuka suna hawa suna sauka a hoton. Bambancin 50 da 60 bai kai milisakan 4 a firem ba, bai cancanci wannan ciwon idon ba. Abu mafi muhimmanci dai kyamara da kati da OBS su zama a gudu ɗaya. Kyamara a 50, OBS a 30, sai hoto ya riƙa tuntuɓe.

Dan_Kurmi:
Da janareta fa? Namu in aka kunna fanka goma har kukansa canzawa yake yi, ban yarda 50 ɗin yake bayarwa ba.

Maman_Ilham:
Dan_Kurmi ka tuna mini. Malam Abu Khadija, kada ka yarda laftof ta yi aikin nan a kan batiri. Da an zare caja Windows take rage wa furosesa ƙarfi, sai ka ga hoto ya fara ja da baya a hankali. Ka sa ta a mafi ƙarfin saitin wuta. Kuma kada a ajiye ta a kan kafet ko darduma, ramukan iskarta a ƙasa suke. Na taɓa ganin laftof a wurin walima cikin zafin Afrilu, an ɗora ta a kan kujerar soso, ƙasanta ya yi zafi har ba a iya riƙe ta, hoto yana ta tsalle. Aka ɗora ta a kan murafun kwalba huɗu aka juyo mata fanka, ta dawo daidai.

Sarkin_Miksa:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kowa yana ta ƙoƙarin sa hoto ya yi sauri. Ni mai sauti ne, bari in zo ta ɗaya ɓangaren. Hoto ba zai taɓa kamo murya ba matuƙar murya ta waya take bi daga makirufo zuwa amfilifaya, domin ita kusan babu jinkiri a tafiyarta. Abin da muke yi a manyan taruka shi ne mu jinkirta muryar ta jira hoton. Yawancin miksa na dijital suna da wurin jinkirta kowace fita daban, akwai kuma ɗan akwati na musamman da ake sawa kafin amfilifaya. Ka ware lasifikan ɓangaren mata a layinsu, ka ba su jinkiri daidai da abin da ka auna.

Kuma ba sai abin ya zo daidai cif ba. Akwai ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya ITU, mai lamba BT.1359, da ta nuna mutane suna fara lura idan murya ta riga hoto da kamar milisakan 45, amma idan murya ce ta makara sai ta kai wajen 125 kafin a lura. Dalili a fili yake, sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, wato kamar milisakan 3 kowace mita. Wanda yake sahu na baya mita 30 daga malam tun asali murya tana iso masa a makare da kusan milisakan 90, kuma bai taɓa damuwa ba. Mun saba ganin baki kafin mu ji magana. Jin magana kafin ganin baki shi ne abin da ƙwaƙwalwa ba ta saba da shi ba, kuma shi ne ainihin abin da ke damun iyayenmu. Don haka in za ka yi kuskure, ka yi shi ta wajen makarar murya.

Injiniya_Zazzau:
Bayani mai kyau, Sarki. Sai dai akwai sharaɗi. Idan ɓangaren matan labule ne ko rabin katanga ya raba shi da na maza, ko kuma hon ɗin kan hasumiya yana shigo musu ta taga, za su ji murya sau biyu, ta waje da farko sannan tasu. Jinkirin milisakan 200 tsakanin murya biyu amsa-kuwwa ce sosai, karatu ba zai fahimtu ba. Gara bakin da ya makara da wannan.

Sarkin_Miksa:
Gaskiya ne. In ginin daban ne ko bene ne mai rufaffiyar ƙofa, dabarata za ta yi. In labule ne a manta da ita. Malam ya faɗa mana yadda wurin yake.

Abu_Khadija:
Bene ne, amma akwai tagogi masu kallon cikin masallaci, a buɗe suke saboda zafi. Muryar ƙasa tana hawa sosai.

Na yi awon da Injiniya ya ce. A yadda nake da, daga kyamara zuwa OBS kusan sulusin sakan ne, zuwa talabijin kuma ya haura rabin sakan. Katin kuwa Malam_Linux ya canka, YUY2 a 1080 firem 5 ya ba ni, ga bakinsa shuɗi shar. Na kashe Buffering, na mai da kyamara 720p a 50, na kunna Game Mode. Yanzu talabijin tana wajen milisakan 200. Ana gani in an ƙura ido, amma ba kamar da ba.

Maman_Ilham:
Ma sha Allah. Ta yaya kake tura hoton zuwa talabijin ɗin? Ina fata ba kwafin allon laftof kake yi ba.

Abu_Khadija:
A'a Hajiya, talabijin ɗin allo na biyu ce, ina buɗe mata Fullscreen Projector daga OBS.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ku kun gama da na cikin gida, ni bari in taɓa na intanet, domin nan ne nake ganin mutane suna wahalar da kansu a banza. Abin da kake turawa daga OBS yana tafiya ta RTMP, wato tsarin tura bidiyo kai tsaye, zuwa sabar kamfanin. Can za su sake matse shi zuwa girma daban-daban, su yanka shi gunduwa-gunduwa na 'yan sakanni, wayar mai kallo kuma sai ta tara gunduwa biyu ko uku kafin ta fara nunawa. Tsarin HLS da Apple ya fito da shi a 2009 haka yake aiki, shawarar da suke bayarwa gunduwa mai sakan 6 ce, in aka tara uku ka ga sakan 18 ke nan tun ba a lissafa komai ba.

Wannan tarawar ba mugunta ba ce. Kamar randa ce a gidan da famfo yake zuwa yana ɗaukewa, in ruwa ya tsaya na ɗan lokaci mai gida bai ma sani ba. YouTube yana ba ka zaɓi uku, na yau da kullum, mai ƙarancin jinkiri wanda suka ce yawancin masu kallo ba za su kai sakan 10 ba, da mafi ƙaranci wanda ba ya kai sakan 5. Amma duk sanda ka rage jinkiri, ajiyar mai kallo ka rage. Mutanenmu da suke kallo a ƙauye da rezo (netiwok) sanda biyu, su ne za su ga hoto yana tsayawa yana juya zobe. Tafsiri ba wasan ƙwallo ba ne da maƙwabci zai riga ka ihu. Wanda ya ji ayar bayan sakan 20 bai rasa komai ba.

Bakatsine_PES:
Ban yarda gaba ɗaya ba. Malam ya ce ana rubuto tambayoyi. In kana hira da masu kallo, sakan 20 yana kashe hirar. Ni a x264, wato inkodan da ke matse bidiyo a OBS, nake sa saitin zerolatency kuma ina ganin bambanci.

Injiniya_Zazzau:
Bakatsine, abin da zerolatency yake yi shi ne ya hana inkoda leƙen firem ɗin gaba, ya kuma kashe firem irin na B waɗanda sai an jira na bayansu kafin a matse su. Abin da za ka samu sakan ɗaya ne ko biyu in ya yi yawa, a cikin jinkirin da ya kai 15 ko 20, sannan hoto ya rage kyau a kan data iri ɗaya. Ga mai layi mai rauni wannan ciniki ne na asara. Abin da ya fi amfani: tazarar cikakken firem (Keyframe Interval a OBS) ta zama sakan 2 kamar yadda dandalin suke nema, a bar inkodan katin girafik ya yi aikin, NVENC ko Quick Sync na Intel, don furosesa ta samu sarari tunda ita ke warware MJPEG. Kuma kada ka tura data daidai da ƙarfin layinka. In awo ya nuna kana iya ɗora megabit 5, tsaya a 2.5 ko 3. In ka cika layin, data tana yin jerin gwano a cikin rauta, jinkiri ya riƙa ƙaruwa da kansa har ya yanke.

A buɗe tagar Stats a OBS lokacin da ake yaɗawa. Tana raba firem ɗin da suka ɓace gida uku, na zana hoto, na matsewa, da na netiwok. Daga nan za ka san wa za ka zarga.

Dan_Kurmi:
To kun ga dai netiwok ɗin nawa ya shigo daga ƙarshe.

Dan_Maradi:
Ya shigo, Alhaji, amma ta ƙofar baya. Game da tambayoyi kuwa, a wurinmu ba a karanta su nan take. Yaro ɗaya yana tattara su a takarda, in an rufe karatu a miƙa wa malam. Jinkiri bai shafe mu ba. Wanda yake son magana baki da baki, ya koma manhajojin kiran bidiyo ko duk abin da aka gina a kan WebRTC, fasahar hirar bidiyo kai tsaye, su ne suke ƙasa da sakan ɗaya. Ƙa'idar ITU ta G.114 ta ce hira tana tafiya lafiya in jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba. Yaɗawa ga dubban mutane ba a gina ta don wannan ba.

Malam_Linux:
Ƙari a kan na Dan_Maradi: tun fitowar OBS 30 a 2023 akwai WHIP a ciki, wato turawa ta WebRTC, amma sai wurin da kake turawa ya yarda da shi. In kuma masallaci biyu ne ake son haɗawa, ko daga wurin taro zuwa situdiyo, tsarin tura bidiyo na SRT ya fi dacewa. Kamfanin Haivision ne ya sake shi kyauta a 2017, jinkirinsa na asali milisakan 120 ne, kana ƙara shi gwargwadon lalacewar layinka don ya samu damar sake turo abin da ya ɓace.

Daliba_Kwamfuta:
Ku gafarce ni Malamai zan ɗan karkatar da zancen. Ina aikin kammala karatu, manhajar gane fuska da Python da OpenCV. Da farko hoton kyamara yana daidai, bayan ɗan lokaci sai in ɗaga hannu, sai can in ga hannun ya tashi. Shi ma katin ne? Kyamarar jikin laftof nake amfani da ita.

Malam_Linux:
Ba kati ba ne, ƙanwata. Kyamara tana ba ki firem 30 a sakan, lissafinki na gane fuska wataƙila 8 ko 10 yake iya cinyewa, sauran suna jira a layi, ke kuma kullum mafi tsufa kike ɗauka. Ki ware zare guda (thread, wato layin aiki na daban a cikin manhajar) wanda ba shi da aiki sai karanta kyamara yana ajiye firem na ƙarshe kawai, yana zubar da na baya. Zaren lissafi ya riƙa ɗaukar abin da ya tarar. Akwai CAP_PROP_BUFFERSIZE da za ki iya sawa 1, amma ba kowane direba yake jin wannan umarnin ba. Ki kuma rage girman hoton kafin ki ba shi ga mai gane fuskar. Sannan ki yi gwaji a wuri mai haske, kyamarar laftof in duhu ya yi tana tsawaita buɗe ido, gudu ya faɗo zuwa 15 ko ƙasa.

Maman_Ilham:
Wannan maganar hasken ta shafi Malam Abu Khadija ma, in tafsirin dare ne. Kamkoda suna da saitin da ke rage gudun shata da kansu in haske ya yi ƙasa. A kashe shi, a ƙara fitila ɗaya mai kyau ta gaban malam.

Sarkin_Miksa:
Mu dawo kan sauti kaɗan, don na Facebook ma akwai gyara. Muryar da kake turawa daga ina take shiga laftof?

Abu_Khadija:
Daga miksa, ta ɗan katin sauti na USB.

Sarkin_Miksa:
To a can ma murya tana riga hoto, tunda ba ta bi ta kyamara da katin kafca ba. Nan gyaran kyauta ne. A Advanced Audio Properties na OBS akwai Sync Offset, ka rubuta milisakan ɗin da ka auna daga kyamara zuwa OBS. Ka sa yaro ya tsaya gaban kyamara kusa da makirufo ya tafa hannu, ka naɗa, ka duba a hankali ko ƙarar ta faɗo daidai haɗuwar tafin. Kada ka yi wannan gwajin da abin kunne na Bluetooth, shi kansa yana ƙara milisakan 150 ko fiye, zai ruɗe ka. Ko kuma ka ja wayar miksa ka shigar da ita jikin kyamara in tana da ƙofar makirufo, murya da hoto su taho tare ta HDMI. Sai dai sautin ƙananan katunan nan ba abin yabo ba ne, ni na fi son hanyar farko.

Bakatsine_PES:
Ni har yanzu ina kan sifilita. Milisakan 200 da ake murna da shi, da waya kai tsaye abin da zai rage jinkirin kyamara da na talabijin ne kawai. Lambar aya a rubuta a farin allo a rataye.

Maman_Ilham:
Wa zai riƙa hawa bene yana gogewa yana rubutawa kowace aya, kai? Akwai hanya ta tsakiya in da kuɗi. Ƙananan na'urorin haɗa kyamarori irin ATEM Mini suna ɗora rubutu a kan hoto a cikin jikinsu, su fitar da HDMI zuwa talabijin da jinkirin da bai taka kara ya karya ba, sannan su shiga laftof ta USB kamar kyamara. Katin kafca ma ya tashi daga aiki.

Injiniya_Zazzau:
Zai yi, amma a tuna ƙofar HDMI ɗin fitarsa 1080 take bayarwa, sai a tabbatar talabijin ɗin da wayar za su ɗauka. Ni da za a ba ni zaɓi da kuɗi kaɗan, katin USB 3.0 na gaskiya zan fara saya, in gwada shi a shagon da laftof ɗina kafin in biya. Malam, wayar da ta hau benen mita nawa ce?

Abu_Khadija:
Yanzu mita 15 ce. Amma kwamiti suna maganar a ƙara wata talabijin a rumfar waje, wajen mita 50 daga inda nake zama. Wani ya kawo shawarar na'urar da ke tura HDMI ba waya.

Injiniya_Zazzau:
Mita 15 ka riga ka kai bakin iyakar wayar HDMI ta tagulla. Mita 50 sai da wata dabara. Masu arhar da ke turawa ta Wi-Fi matse hoton suke yi su warware, duk abin da ka rage a makon nan za su mayar maka da shi har da riba. Haka ma wasu masu bi ta wayar LAN, in ka ga an rubuta H.264 ko an ce ana iya bi da su ta rauta, akwai matsewa a ciki. Nemi HDBaseT, wato tsarin tura HDMI ta wayar LAN kai tsaye, cikakkensa yana kai mita 100 a kan wayar Cat6, ko ka juya hoton zuwa SDI, tsarin da gidajen talabijin suke amfani da shi, ka ja wayar koaks, ko HDMI mai zaren gilashi. Shi na gilashin yana da kai da gindi, an rubuta wanda ke shiga na'ura da wanda ke shiga talabijin, a duba kafin a binne shi a bango.

Sarkin_Miksa:
Rumfar waje kuma in hon ɗin hasumiya suke ji, a auna nisanta da hon ɗin. In ya kai mita 40 murya tana iso musu a makare da wajen milisakan 120, ka ga ta rage maka fiye da rabin 200 ɗin da kanta.

Dan_Kurmi:
Wayar gilashin nan ana samunta a Kano ko sai an aiko daga Legas? Kuma ɓera yana cinta?